Daga Kiyako Zuwa Wayar Mai Saye: Yadda Ake Tallan Kaya A Intanet Har A Yi Ciniki

Duk mai bibiyar shafukan matasan Birnin Kudu da Gwaram a Facebook ya saba ganin irin wannan rubutu: hoton buhuna a jingine da bango, a ƙasa an rubuta "Akwai riɗi, mai buƙata ya yi magana." Abokai su danna alamar so, wani ya ce Allah Ya kawo kasuwa, wani ya ce Allah Ya sa albarka, shi ke nan. Bayan kwana uku kaya na nan inda suke, mai su kuma ya yanke hukuncin cewa tallan intanet zancen banza ne, ya koma jiran ranar kasuwa.

Laifin ba na intanet ba ne. Waɗanda suka ga tallan abokan karatu ne da 'yan unguwa, wasunsu ma akwai riɗin a gidajensu. Mai buƙatar kayan yana Kano ko Bauchi ko Abuja, bai taɓa ganin mai tallan ba, wataƙila bai taɓa jin sunan Kiyako ba. A kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, idan baƙo ya zo saye akwai dillalin da zai tsaya a tsakani, wanda ya san mai kaya ya san gidansu, idan an samu matsala shi za a riƙe. A waya babu wannan dillali. Ana neman mutum ya tura kuɗinsa ga wanda bai sani ba kan kayan da bai taɓa ba, wato cinikin biri a sama, abin da Bahaushe ya daɗe da hana kansa. Don haka aikin mai talla a intanet shi ne ya sa wayarsa ta yi abin da dillali ke yi: ta nuna kaya, ta faɗi farashi, ta kuma tsaya wa mai kaya.

Wane kaya ne ya dace?

Jihar Jigawa ta yi suna wajen noman riɗi da zoɓo, kuma akasarinsu kasuwar Dawanau da ke Kano suke nufa, daga nan a fitar da su waje, riɗi zuwa ƙasashe irin su Japan da Turkiyya, zoɓo kuma zuwa Meziko. Amma matashi mai buhu uku ba da masu cika tirela zai yi gogayya ba. Kasuwarsa ita ce uwar gida a birni mai neman man gyaɗa marar gauraye, da ɗan kasuwar da ke son ƙuli-ƙuli duk mako, da ma'aikacin da ya bar gida yana kewar daddawa ta gaske. Sharuɗɗan biyu ne kawai: kayan su jure tafiya a mota ba su lalace ba, ribarsu kuma ta ɗauki kuɗin motar. Zuma da busasshen zoɓo da hular hannu sun cika su. Ɗanyen tumatir bai cika ba.

Shago a cikin WhatsApp

Wurin farawa shi ne WhatsApp Business, manhajar da kamfanin ya fitar a watan Janairun 2018 don ƙananan 'yan kasuwa. Kyauta ake sauke ta, kuma tana zama a waya ɗaya da WhatsApp ɗin da aka saba, muddin kowacce da lambarta. Lamba ɗaya ba ta hawa duka biyun a lokaci guda. Wannan ma alheri ne, domin raba layin kasuwa da na zumunci yana hana saƙon mai saye nutsewa a cikin hirar zauren 'yan ajinsu.

Abu na farko shi ne cika bayanan shago, kuma nan ne da yawa ke yin kasala. A sa sunan sana'a na dindindin, da adireshi na gaskiya, da lokutan aiki. "Kiyako, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa" ya fi "Najeriya" amfani nesa ba kusa ba. Wasu matasa na ɓoye sunan garinsu su rubuta Kano ko Dutse don a ga kamar manya ne. Kuskure ne. Mai neman man gyaɗa na ƙauye sunan ƙauyen ne ke jawo shi, kuma ranar da ya gano an yi masa ƙarya a adireshi, ba zai ƙara yarda da farashi ko ma'auni ba.

Sai kundin kaya, wanda aka fi sani da katalog, da aka ƙara wa manhajar a ƙarshen 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotonsa da sunansa da farashinsa da bayaninsa. Mai kaya biyar bai buƙatar fiye da biyar ɗin, amma su cika. Amfaninsa shi ne idan baƙo ya tambaya, ba sai an shiga laluben tsofaffin hotuna a waya ba, mahaɗi ɗaya za a tura masa ya ga komai.

Akwai kuma saƙon maraba, wanda ke tafiya da kansa ga duk wanda ya yi magana karon farko ko bayan kwana 14 ba a yi hulɗa ba, da saƙon "ba na kusa", da amsoshin gaggawa da ake ajiyewa a kira su da alamar /. Ga wanda ke garin da sabis ke ɗaukewa, akwai abin lura: waɗannan saƙonni suna fita ne idan wayar na kan intanet. Saboda haka ya fi kyau a rubuta a bayanan shago cewa ana amsa saƙo, misali, da safe da kuma bayan sallar isha, sannan a cika alkawarin. Mai saye yana iya jira idan ya san lokacin. Shirun da ba bayani ne ke sa shi zargi.

Wani abin da ke rikita masu farawa shi ne yadda sitatus da saƙon bai-ɗaya ke aiki. Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba ya isa sai ga wanda aka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye ta mai shago. Saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, amma wanda bai ajiye lambar mai aikawa ba ba zai same shi ba. Ma'ana, tara lambobin mutane daga zaurukan da ba a san kowa ba aikin banza ne, kuma idan mutane suka yi ta kai ƙorafin saƙon da ba su nema ba, kamfanin na iya rufe layin. Hanyar da ke aiki ita ce a roƙi duk wanda ya saya ya ajiye lambar, tun cinikin yana da ɗumi.

Hoto, farashi da ma'auni

Nan ne ciniki ke ɗauruwa ko ya warware, don haka ya cancanci a tsaya a kai.

Hoton da aka sauko da shi daga intanet guba ne. Mai saye na yau ya iya gane hoton da ba a ƙasar nan aka ɗauka ba, kuma manhajar Google Lens na nuna masa inda hoton ya fito cikin ɗan lokaci. Hoton gaskiya ba ya buƙatar babbar waya. A goge gilashin kyamara da gefen riga, a fito da kaya inuwa da hantsi ko bayan la'asar, a shimfiɗa farin ƙyalle ko tabarma mai tsabta, a kashe fitilar kyamara. Kada a sa matatar da ke canza launi, musamman ga masu sayar da atamfa da yadi da hula. Rigimar "ba wannan kalar na gani ba" ta raba masu ɗinki da yawa da abokan cinikinsu. Wajen turawa kuma a zaɓi alamar HD da WhatsApp ta ƙara a 2023, don kada manhajar ta matse hoton ya dusashe.

Gajeren bidiyo ya fi hoto ƙarfi, domin gani ya kori ji. Mai man gyaɗa ta nuna gyaɗar ana soyawa, a nuna tunkuza ana matsa, a nuna man yana zuba cikin jarka. Mai zuma ya nuna saƙar kafin a tace. Idan baƙo ya nuna shakka, a ɗauki bidiyon kayan nan take a ambaci sunansa da ranar a ciki, ko a kira shi ta bidiyo. Ɗan damfara ba ya iya wannan, shi ya sa yake da tasiri.

Batun farashi kuwa, al'adar "shigo ta akwatin saƙo" ta yi wa masu talla illa fiye da yadda suke zato. Dalilinsu sananne ne: kada abokin hamayya ya gani ya karya farashi, kuma Bahaushe ya saba da tayi da albarka. To amma abokin hamayya zai iya tambaya da wata lambar ya ji, shi kuwa baƙon da ke gaggawa wucewa zai yi wurin wanda ya rubuta nasa. Mafi muni, ɓoye farashi na sa mutum ya ɗauka ana duban fuska ne kafin a yanka masa. Tunda farashin amfanin gona yana motsi daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa, sai a rubuta shi tare da kwanan wata, a kuma bayyana ko da kuɗin mota a ciki ko babu.

Ma'auni ma haka. Kwano da mudu da tiya ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma "buhu" kalma ce mai faɗi. Abin da mutumin Gwaram ke nufi da kwano ba lallai ne shi mutumin Kaduna ke nufi ba, kowannensu kuma zai rantse an cuce shi. Ƙaramin sikeli na lantarki yana kashe wannan gardama. A auna da kilo, mai da zuma a auna da lita, a ɗauki hoton kayan a kan sikelin lambar tana fitowa. Masu fitar da riɗi waje ma da kilo suke saye, don haka wanda ya saba da shi tun yana ƙarami ya rage wa kansa wahalar gaba.

Wani ɗan ƙarin bayani ga masu kula da rubutu: allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, kuma rubutu mai kyau yana ƙara wa shago kwarjini. Sai dai yawancin masu bincike ba sa sa lanƙwasa. Mai neman ƙuli-ƙuli "kuli kuli" zai rubuta. Babu laifi sunan kaya ya fito ta fuska biyun a cikin bayani.

Yadda baƙo zai gano shagon

WhatsApp wurin ƙulla ciniki ne, amma ba ya kawo baƙo da kansa. Masu kawo baƙo su ne Facebook da TikTok da Instagram, sai kuma bakin wanda ya saya ya ji daɗi. Gadar da ke haɗa su ita ce mahaɗin wa.me: a rubuta wa.me/ sai 234, sai lambar waya ba tare da sifilin farko ba. Duk wanda ya latsa zai faɗo kai tsaye cikin hira da mai shago ko bai ajiye lambar ba. A sa shi a kowane shafi, a kuma buga lambar a jikin leda ko jarka.

Abin da za a riƙa wallafawa ba "ku zo ku saya" kullum ba ne, wannan shi ne kasuwa a kai miki dole. Mutane sun fi tsayawa kan abin da zai amfane su. Mai riɗi ya yi bayanin yadda ake gane wanda aka gauraya da yashi. Mai zoɓo ya nuna bambancin wanda ya bushe sosai da wanda zai yi fumfuna a buhu. Mai gyaran waya a Birnin Kudu ya nuna abin da ke kumbura batir. Wanda ya koyi wani abu a wurin mutum sau biyu sau uku, ranar da zai saya shi zai tuna. Irin wannan bayani da Hausa ƙaranci yake yi a intanet, masu nemansa kuwa suna ko'ina, daga Maraɗi har Zangon Kumasi.

Mai shago na zahiri, kamar tela ko mai gyaran waya ko mai sayar da abinci, ya sa shagonsa a taswirar Google ta hanyar Google Business Profile, kyauta ne. Birnin Kudu gari ne da baƙi ke shiga kullum saboda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke can da kuma hanyar Kano zuwa Bauchi da ta ratsa shi, kuma baƙo mai neman wurin cin abinci ko caja wayarsa yake fara tambaya. Masu kiwo su sani cewa dokokin Facebook Marketplace sun hana tallan dabbobi masu rai, haka ma magunguna, don haka ragon layya ba can za a kai shi ba.

Tallan kuɗi shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Tun 1 ga Janairun 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan tallan Facebook a Najeriya, a sa shi a lissafi. A ce mutum ya kashe naira 5,000, haraji ya ƙara 375, mutum 40 suka yi magana, 4 suka saya. Kowane mai saye ya ci masa kusan naira 1,344. Idan ribar ciniki ɗaya ba ta kai haka ba, asara aka yi, ko da alamun so sun kai dubu, sai fa idan mutanen huɗu za su dawo. Kuma a zaɓi garin da masu sayen suke. Wanda ya bar tallan ya bazu Najeriya baki ɗaya zai biya kuɗin nuna man gyaɗarsa ga mutumin da babu motar da za ta kai masa.

Kuɗi da kai kaya

Ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 a farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa, kuma manhajoji irin su OPay da Moniepoint da PalmPay sun shiga ƙauyuka. Wannan ya sauƙaƙa cinikin nesa, ya kuma buɗe ƙofar alat na bogi. Saƙon tes da hoton rasit duk ana iya ƙirƙirarsu. Shaida ɗaya ce tak: mai kaya ya buɗe manhajar bankinsa da kansa ya ga kuɗin sun shiga. Duk mai sayen da ke matsa lamba, yana cewa direba na jira a sallame shi kuɗin na hanya, a ba shi haƙuri har su iso.

Ta ɗaya ɓangaren, shi ma mai saye tsoro yake ji, kuma yana da gaskiya. Sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan da ke kan shago. Idan shago na Kiyako ne da sunan mace, asusu kuma ya fito da sunan wani namiji daban, ciniki ya mutu. Wanda sana'arsa ta fara tsayawa ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin da ita ake buɗe asusu da sunan sana'ar. Mai sarrafa abinci yana ƙullawa a leda ko kwalba da niyyar shiga kantuna kuma sai ya nemi rajistar NAFDAC. Ga sabon abokin ciniki, a ba shi shawarar ya fara da kaɗan, lita ɗaya ko kilo biyu. Mai kayan da ya ce "fara gwadawa tukuna" ya riga ya yi rabin aikin dillali.

Kai kaya a wannan yanki ta tasha ake yi, abin da ake kira webil. A ba da kaya ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi, ba direban da aka tsayar a bakin titi ba. A rubuta sunan mai karɓa da lambarsa a jikin kayan da alƙalami mai kauri, a ɗauki hoton kayan da lambar motar, a tura wa mai saye tare da lambar direba da sunan tashar da zai sauka. Jarkar mai a sa mata leda a baki kafin a ɗaura murfi, a naɗe da salatif. Tun kafin a karɓi kuɗi a yi magana a rubuce kan wanda zai biya kuɗin mota da wanda zai ɗauki asara idan kaya sun zube. Saƙon murya yana da daɗi, kuma ya fi sauƙi ga wanda karatu ke ba wuya, amma farashi da adadi da ranar aikawa a maimaita su a rubuce, saboda ranar gardama.

Idan kaya sun isa, a tambayi mai saye ko ya yarda a nuna saƙon godiyarsa. A rufe lambarsa da hotonsa kafin a wallafa, musamman idan matar aure ce. Wannan ladabi ne, kuma tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Layin da shagon ke kai

Shagon gaba ɗaya a kan layin waya ɗaya yake zaune, kuma ɓarayi sun san haka. Dabararsu sananniya ce: a kira mutum a ce daga wani zaure ne, za a yi taro ta intanet ko za a raba tallafi, an turo masa lamba shida ya karanto. Lambar nan ita ce makullin WhatsApp ɗinsa. Da ya faɗa, sun shige, su fara bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da sabon asusun banki. Kuɗin da za a sata na wasu ne, amma sunan da zai ɓaci nasa ne. Maganin yana cikin saituna, ƙarƙashin asusu: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lambar sirri shida da ba shekarar haihuwa ba, a haɗa da adireshin imel. Layin kuma ya zama da sunan mai shago da lambarsa ta NIN aka yi masa rajista, ba na yaya ko na aboki ba, don idan waya ta ɓace shi kaɗai zai iya dawo da shi. Kada a bar shi watanni ba a amfani da shi, kamfanoni na sake sayar da layin da aka yi watsi da shi.

Ko ba ɓarawo, dandalin kansa na iya rufewa. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka wayi gari ba rumfa. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira balle data. Mabiya dubu goma a shafi ba mallakin mai shafin ba ne, na kamfanin ne. Abin da ya mallaka shi ne sunayen waɗanda suka taɓa saye. A ajiye lambobinsu a asusun Google maimakon kan sim, sannan a samu littafi mai bango mai ƙarfi a rubuta suna, da gari, da lamba, da abin da mutum ya saya, da ranar. Uwar gidan da ta sayi lita huɗu na mai a farkon wata, littafin ne zai nuna lokacin da ya kusa ƙarewa, sai a gaishe ta a tambaya ko a sake aikowa.